Fadamar Mudi

Badaru mai gyaran keken ɗinki ne a unguwar New Bell. A gidan da aka haife shi yake zaune har yau, kuma an fi saninsa da tsuntsaye fiye da sana'arsa. A da, akwai mangwaro da kwakwar manja biyu a tsakar gidan, dashen kakansa. Duk damina tsuntsayen marai kan cika su da sheƙa, kurciya na kwanci a reshen mangwaron, tsattsewa na liƙa ɗakinta na laka a ƙarƙashin rufi. Akwai shekarar da iri tara suka ƙyanƙyashe a gidan, kuma duk wanda ya kawo keke gyara a shekarar sai da ya sha labarin.

Daga baya gida ya cika. 'Ya'yansa maza biyu suka yi aure, aka sare kwakwar aka yi musu ɗakuna. Ambaliya ta shigo sau biyu, aka malale tsakar gida da siminti. Kududdufin bayan layi, inda tsuntsaye ke samun ciyawa da ƙwari, ya zama wurin ajiye babura. Ruwan sama ma ya daina zuwa a kan lokaci. Sai ya yi jinkiri zafi ya gasa gari, sannan ya zo da iska ya kakkaɓo sheƙa da ƙwai a ciki. Marai suka ragu, har suka daina zuwa. Hankaka kaɗai ya rage a mangwaron.

A lokacin ne Mudi, abokinsa tun yarinta, ya bar sana'ar fawa ya koma unguwar Sodiko, ƙetaren gadar kogi, ya gina gida a bakin wata fadama. Mudi bai san wani tsuntsu ba sai wanda ake yankawa. Wata rana ya kira a waya.

"Badaru, ka zo ka ga baƙina. Wasu 'yan rawaya sun cika mini bishiya, sun hana ni barcin rana."

"Marai ne," in ji Badaru. "A bakin ruwa ai kowa ma zai samu."

Ya ajiye wayar, aikin ranar ya gagare shi. Wata biyu yana ƙin ɗaukar kiran Mudi, har matarsa Larai ta lura.

"Malam, me Mudi ya yi maka?"

"Ba abin da ya yi mini. Ni na shekara hamsin ina zuba musu tsaki da ruwa. Shi ko bai san bambancin kurciya da tattabara ba."

"To laifinsa ne?"

Ranar Asabar Badaru ya hau mota ya tafi Sodiko, da niyyar ya gano cewa Mudi zuzutawa kawai yake yi.

Bai zuzuta ba. Kwakwa uku na bayan gidan sun yi nauyi da sheƙa. Balbela ta yi fari a kan itatuwan fadama, zalɓe na tsaye cikin ruwa, tsada na shiga da fita cikin ciyawa da zare a baki. Mudi na nuna su da yatsa yana cewa "wancan dogon", "wancan ja". Badaru ya ce sauro ya yi yawa a wurin, ya ce shayin ya yi ruwa.

Da zai tafi, Mudi ya raka shi bakin hanya, ya nuna masa tsibin jar ƙasa da manyan motoci suka jibge.

"Cike fadamar za a yi, wai sito za a gina. Ban san inda tsuntsayen za su je ba."

Badaru ya ji daɗi. Daɗin bai sake shi ba har mota ta hau gada, a nan ne kunya ta kama shi. Da ya isa gida ya faɗa wa Larai gaskiya. Ta dube shi ta ce, "In sun tashi daga can, nan za su dawo? A kan simintin?"

Asabar ta gaba ya sake komawa, ya ce wai keken matar Mudi zai duba. Tun daga nan bai fasa zuwa ba in damina ta sauka. An cike rabin fadamar, zalɓe ya tafi, sauran suna nan tukuna. Mudi ya koyi sunaye shida daga bakinsa, yana kuma faɗa wa maƙwabta kamar da su aka haife shi. Wannan ma yana ci wa Badaru rai. In aka tambaye shi a shago yaya Sodiko, ba ya ɗaga kai daga keken da yake kwancewa, sai ya ce, "Allah kan ba wani nama, ya ba wani haƙori."