Na Kai Dada Jalingo Neman Maganin Maganaɗisu

Ana sallame sallar asuba muka bar garinmu Mutum Biyu, ni da mahaifiyarmu, wadda muke kira Dada. Wata huɗu ke nan da wani ƙullutu ya fito mata a nono, ta ƙi zuwa asibiti. Wai sai autarta, wato ƙanwata, ta dawo daga karatu a Turai, don ta ji an ce yarinyar tana juya ƙwayoyin jiki da maganaɗisu, ba sai an yanka mutum ba. To ga ta ta zo hutu, ta sauka gidan goggonmu a unguwar Turaki, cikin Jalingo.

Hanya ba laifi, in ban da ramuka, waɗanda direbanmu ke kauce wa kamar ya san kowanne da sunansa. Shinkafa ta yi kore shar hagu da dama. Mata sun jera doya a bakin titi, wani fasinja ya taya, da ya ji kuɗin sai ya ce gaisuwa kawai ya yi. Kowa ya yi dariya ban da Dada. Ko ƙosan da na saya mata ba ta taɓa ba.

Da hantsi keke ya sauke mu ƙofar gida. Bayan koke-koken murna da kunun gyaɗa, ƙanwata ta buɗe kwamfuta ta nuna mana wasu ɗige-ɗige masu hasken kore. Ta ce ƙwayoyin bakteriya ne da ita da abokan aikinta suka saka wa wani sinadari, furotin, da suka ƙera. In an matso da maganaɗisu hasken ya dushe, in an janye ya dawo. Burinsu wata rana a ga abin da ke gudana cikin ƙwaya mai rai, har a ba ta umarni daga waje. Dada ta tambaya yaushe za a yi mata nata.

Ƙanwata ta durƙusa a gabanta. "Dada, aikin nan bai fita daga ɗakin gwaji ba. Ko a ɓera ba mu gwada ba. In kin jira ni, ciwon ba zai jira ba."

Dada ta ce za ta je asibitin, amma sai in autar ce za ta riƙe mata hannu. Washegari a asibiti aka ɗebi nama kaɗan daga ƙullutun don gwaji, hannunta cikin na ƙanwata.

Ni kaɗai na komo Mutum Biyu, su suna can suna jiran sakamako. A mota na yi ta tunani: wata huɗu ina lallashin Dada da "sai yadda kika ce", don ina tsoron ɓacin ranta. Ashe gaskiya take jira daga bakin ɗayanmu, ni kuwa ban iya faɗa mata ba.