Ranar da Aka Mayar da Ajina Duka Hausawa

Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandaren gwamnati a Potiskum lokacin da aka turo mana mutumin nan mai ƙidayar harsuna. Ba zan faɗi sunansa ba, haka ma ƙungiyar da ta turo shi. Ba rufin asiri nake masa ba, bai dai kai a riƙa kiran sunansa ba ne.

Ajina a shekarar 'yan aji ɗaya ne, sababbin fitowa daga firamare. Ngizimawa da Karekare su ne suka fi yawa. Akwai Bolewa, akwai 'ya'yan Barebari masu shaguna, akwai Fulani da iyayensu ke harka a Kasuwar Shanu, sai 'ya'yan Ibo masu sayar da kayan mota, da 'yar wani ma'aikacin asibiti mutumin Filato. A filin wasa kowa Hausa yake yi, amma mai kunne yana jin gidan da kowane yaro ya fito tun daga yadda yake cewa "ina kwana". Waɗanda aka kawo daga ƙauye kuwa Hausar ma sai a hankali. Akwai wata yarinya Bafulatana da ta shafe zango guda ba ta ce uffan ba, sai da na zaunar da ita kusa da 'yar yarensu sannan na gane ashe ta fi rabin ajin kai.

Ni kaina haka na taso. Mahaifiyata daga Ngizimawa take, mahaifina daga Karekare, gidanmu kuma a unguwar Bolewa, inda na tsinci Bolanci a bakin ƙawayen wasa. Hausa ta zo ta huɗu, Turanci na biyar. Don haka in yaro ya tsaya yana kallona baki buɗe, na san ba daƙiƙanci ba ne, juya maganar yake yi sau biyu a ransa kafin ta iso.

Ana gobe baƙon zai zo, firinsifal ya tara mu a ofishinsa. Mutum ne da ko wasiƙa ce ta zo da hatimi sai ya miƙe tsaye kafin ya buɗe ta. Ya sa aka kwaso bencuna daga wasu azuzuwa aka cika nawa, 'yan can suka koma zaman ƙasa. Sannan ya nuna ni da biro.

"Malama, ajinki za a shiga. Gobe kada in ji banakula a bakin kowa. Turanci zalla."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in suna jin Turanci zalla ai da ba a ɗauke ni aiki ba."

"Ke dai ki yi abin da na ce."

Washegari da hantsi mota ta shigo. Lokacin zafi ne, irin wanda ko ƙadangare ke neman inuwa, amma mutumin ya fito cikin kwat da laktaye, kwamfuta a hammata, robar ruwa a hannu. Bai wuce shekara arba'in ba. Firinsifal ya tarbe shi har yana tuntuɓe. Muka gaishe shi da Hausa, ya amsa da Turanci ta hanci, irin na wanda ya yi kwas na mako biyu a wata ƙasa ya dawo ya manta sunan tuwo.

A bakin aji ya nuna min takardar da zai cike. An ce ana so a san harshen gidan kowane ɗalibi mai koyon Turanci, don a turo littattafan da suka dace. Na ji daɗin wannan, har na fara ganin kamar na yi masa mummunan zato. Sai na duba da kyau. Gida huɗu ne a takardar: Hausa, Yarbanci, Ibo, sai na ƙarshe da aka rubuta "wasu".

Ya shiga ya tsaya gaban allo ya zuba musu Turanci na kusan minti biyar. Yara suka zuba wa takalminsa ido. Da ya ga ba ci gaba, ya sauke murya kamar mai shirin taɓa ƙazanta, ya ce, "Kuna jin Hausa?"

"E!" suka amsa gaba ɗaya.

Shi ke nan ƙidaya ta ƙare. Ya zauna a kujerata ya ɗauki rajista yana bin sunaye yana kafta Hausa, Hausa, Hausa. Inda ya ga sunan Ibo kaɗai yake ɗaga biro ya sauya gida.

Na matsa kusa na ce, "Yallaɓai, tambayar ai harshen gida ta ce. Wannan yaron Ngizimanci ake yi a gidansu. Waccan Fulatanci. Waɗannan uku Karekare ne."

Bai ɗago ba. "Madam, duk Arewa ce. Duk Hausa ce."

"To ga gidan 'wasu' nan."

"In na cike wannan sai na rubuta bayani shafi guda a kan kowane yare, kuma kwamfuta ba ta son haka. Makaranta shida zan zaga yau."

Kwamfuta ba ta so. Na tsaya ina kallon ƙeyarsa, gumi na gangara cikin kwalar rigarsa, ina mamakin yadda aka biya mutum kuɗin mota tun daga nesa ya zo ya rubuta abin da zai iya rubutawa yana kwance a ɗakinsa.

Bai tsaya nan ba, sai da ya ce zai nuna min yadda ake koyarwa a zamanance. Ya ce bincikensu ya gano babbar matsalar yaran Hausawa ita ce ba sa bambance harafin "p" da "f", kuma littafin da za su turo a kan haka aka gina shi. Ya rubuta kalmomi a allo ya ce a maimaita bayansa. Ya nuna wani yaro Bangizime a benci na biyu. Yaron ya miƙe ya karanta su tas, ko gargada babu, don harshen uwarsa yana da haruffan nan biyu tun kafin a haifi kakan mai kwat. Bafulatanar nan tawa ma ta karanta daidai. Mutumin ya ɗan ɓata rai, ya ce sa'a ce, ya sake karanta musu da kansa don su ji yadda ake yi. A kalma ta uku bakinsa ya ci amanarsa, ya ce "fiful" maimakon "people". Wani daga baya ya yi tari. Na juya ina goge allon da ba ya bukatar gogewa.

Don ya wanke kansa sai ya nemi wadda yake ganin ba za ta ba shi kunya ba. Ya duba rajista ya kira 'yar Ibo, ya ce ta gaya wa 'yan'uwanta da Turanci abin da take so ta zama. Yarinyar a nan Potiskum aka haife ta, a bayan tasha ta girma, Turancinta bai fi na maƙwabciyarta a benci ba. Ta miƙe ta dube shi ta dube ni, ta ce, "Malama, wallahi ni ban gane me yake cewa ba." Da Hausarta ta 'yan kasuwa, tsaf.

Aka kaɗa ƙararrawar tara, muka fito. A gindin dalbejiyar bakin ofis akwai wata tsohuwa mai sayar da ɗanwake, mutuniyar Gadaka, wadda duk makarantar ke kira Iya. Tun kafin a kawo ni take wurin. Muna wucewa, ni da firinsifal da baƙon, sai ta ajiye cokali ta kare ido da hannu tana kallonsa. Ta yi salati. Sannan ta kwarara masa magana da Bolanci, tana kiran sunan uwarsa, tana tambayar ko ƙafar uwar tasa ta yi sauƙi, tana cewa ashe ana ganinku.

Ya tsaya cak. Ya dubi firinsifal, ya dube ni, ya yi wani murmushi na yaƙe ya ce da Turanci wai me matar nan take so.

Iya ba ta jin Turanci amma ta ji wannan. Ta koma Hausa, da ƙarfi yadda 'yan layin ɗanwake za su ji.

"Kai ɗan nan, ni kake tambaya me nake so? Ni da na goya ka ranar da uwarka ta tafi awo? Ba kai ne aka kai makaranta kana kuka don ba ka jin Hausa ba?"

Firinsifal ya shiga duba wayarsa. Mutumin ya matsa kusa da ita ya ɗan rusuna, rabin rusunawa, don kada wandon ya taɓa ƙasa. Ya yi ƙasa da murya ya amsa mata da Bolanci mai kyau, irin na cikin gida, ya ce ƙafa da sauƙi, za ta ji. Bai san ina ji ba. Na bari sai da ya miƙe ya gyara laktaye, sannan na yi masa sannu da zuwa da Bolanci, na tambaye shi mutanen gida.

Ya buɗe robarsa ya sha ruwa.

Na ɗauka abin zai sa ya koma ya gyara takardar, ko don kunya. A ofis ya ciro ta yadda take, ya ce malamar aji ta sa hannu. Na ce ba zan sa hannu a kan abin da na san ƙarya ne ba. Firinsifal ya ja ni gefe.

"Malama, ki rufa min asiri. In ba hannunki, za a cire sunan makarantarmu, littattafan su tafi wani wuri. Kina so a ce ke kika hana yara littafi?"

Na sa hannu. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka na fita da tsabta. Raina ya ɓaci da mai kwat, ya ɓaci da firinsifal, amma hannun da ke ƙasan takardar nan nawa ne, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in wanke shi.

Littattafan sun iso bayan wata bakwai, kwali huɗu. Firinsifal ya sa aka jera yara riƙe da su aka ɗauki hoto. Na buɗe ɗaya a ofishin malamai. Babi uku na farko duk a kan "p" da "f" ne. Umarnin kowane darasi an fassara shi da wata Hausa mai nauyi, irin ta masu karanta labarai, wadda ni kaina sai da na karanta sau biyu. Yaran ƙauye ba su gane Turancin ba, ba su gane fassarar ba. Na riƙa amfani da hotunan ciki kawai, in nuna akuya in ce kowa ya faɗi sunanta da harshen gidansu, sannan mu faɗa da Turanci. A haka na koyi sunan akuya da harsuna bakwai, su kuma suka riƙe na Turancin.

Da shekara ta zagayo mutumin bai dawo ba, an ce ya samu ƙarin girma. Takardar kawai aka aiko, mai gida huɗu kamar da, aka ce malamai su cike. Na ɗauki kwana uku ina kiran yara ɗaya bayan ɗaya ina tambayarsu da wane harshe uwarsu ke yi musu faɗa. Wasu suka ce biyu. Wani ya ce uwarsa da Barbarci take faɗa, ubansa da Hausa, kakarsa kuma da duka wanda ya zo bakinta. Na rubuta komai a gefen takardar da bayanta, da ƙananan haruffa, har na ƙara fallen littafi na maƙala.

Bayan mako biyu aka dawo da ita, an ja jan biro a kai, wai an ɓata fom. Firinsifal bai ko kira ni ba. Ya ba malamin wasanni sabuwa, shi kuma ya cike ta a tsaye, jingine da babur ɗinsa, kafin a tashi tara.