Baba Yahuza da Karnukan da Suka Mutu a Kwance

Na Allah ne mu, kuma komai daɗewa wurinSa za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, 13 ga Agusta, 2025, Allah Ya karɓi ran Baba Yahuza Mai-Karnuka, mafaraucin Unguwar Maharba da ke yankin Dagumawa. Ya cika a wani asibiti a Kano, kwana uku bayan gora ta fasa masa kai a ƙofar gidansa. Ya bar matarsa Inna Rahinatu, da 'ya'ya huɗu, da jikoki, da wata karya mai suna Ƙyalla. Na san ba a saba lissafa kare cikin abin da mamaci ya bari ba. Ni zan lissafa ta, domin a kanta ya mutu.

Baba, shekara shida ke nan da na fara sallama a zaurenka. Ina koyar da kimiyyar dabbobi a jami'a nan Wudil, na zo da takardun tambayoyi da girman kai, wai zan binciki yadda mafarauta ke horar da karnuka. Ka dubi takardun, ka ce, "Dakta Muhyiddeen, ajiye wannan tukuna. Wancan kwikwiyon me yake gaya maka?" Na ce yana kaɗa jela, murna yake. Ka yi dariya har da riƙe ciki. Ka nuna min yadda jelar ta sandare, kunnuwan suka kwanta baya, farin idon ya fito. Ka ce tsoro ne ya cika shi, in na ƙara taku ɗaya zan koma makaranta da ramin haƙori a ƙwauri. Tun ranar na ajiye digirina a bakin ƙofa.

Wasu mafarautan da yunwa da bulala suke horo, har da masu zuba barkono a abinci wai don kare ya yi zafin rai. Kai ƙanzo kake cika aljihu da shi. Kare na yin daidai, kafin ƙiftawar ido ladansa na bakinsa. Ka sha gaya min cewa in aka doki kare da yamma kan laifin safe, abin da zai koya kawai shi ne maigidansa mugu ne. Abin da Turawa suka cika littattafai da shi, kai a gindin tsamiya ka gano shi. Duk shekara kana gaba wajen kawo karnukanka bakwai allurar riga-kafi, katunansu kuma suna cikin kwallar Inna Rahinatu. Ita kuwa Inna shekara talatin tana mitar najasa, tana ware musu kasko, ba ta taɓa ɗora hannu a kan ko ɗaya ba. Amma ban taɓa ganin ranar da ta bar su da yunwa ba.

Horonka duka a kan kalma biyu ya tsaya. In ka kifa tafin hannu ka ce "Kwanta," kare zai manna haɓarsa a ƙasa, ba zai motsa ba sai ka ce "An gama." Da idona na ga zomo ya gifta ta gaban hancin Ƙyalla tana kwance, ko gezau. Ba ka taɓa kwantar da kare ka manta da shi ba. Ka ce min wannan amana ce: ya ba ka wuyansa, dole kai ka dawo ka sallame shi.

Ranar Asabar wani baƙon mahaukacin kare ya ɓullo daga bakin kogi, ya far wa Barakatu, matar maƙwabcinka Ɗantani, a wurin ɗiban ruwa. Ya yage mata dantse da sha-raɓa kafin a kashe shi da taɓarya. An kai ta allura a ranar, kuma tana samun sauƙi. Amma washegari da hantsi samari suka fito da gora da adda da barandami, Ɗantani a gaba, suna bi gida-gida suna kashe karnuka. Kafin in iso a kan babur na wuce gawar kare goma sha ɗaya a lungu. Ɗaya bai gama mutuwa ba, yana jan hanjinsa cikin taɓo.

Na same ka tsaye a ƙofar gida, karnukanka a bayanka suna gurnani. Ka ce za ka yi musu fito su yanki daji, ba mai iya kamo su. Ni na hana. Ya zama dole in rubuta wannan, ko da zai bi ni har kabari. Na ce in suka gudu za a ce lallai mahaukata ne. Na karɓo katunan allura daga wurin Inna, na ɗaga su sama, na ce, "Baba, nuna musu. Mahaukacin kare ba ya jin magana." Ka dubi fuskokin samarin kamar yadda kake duban kwikwiyo, ka ce a hankali, "Dakta, waɗannan idonsu ya rufe." Na nace. Ka girmama karatuna, ka kifa hannunka.

Su bakwai suka zube a jere. Wurin ya yi tsit, har na fara jin daɗi a raina. Sai gorar Ɗantani ta sauka a kan Duna, babban karenka, na ji ƙarar ƙashi kamar an fasa ƙwarya. Ka buɗe baki za ka sallame su, wani ya bangaje ka, ka faɗi, ihu ya binne muryarka. Aka rufe su da duka da sara. Biyu sun yunƙura za su tashi, amma an riga an karya musu baya. Jini ya fallatso min har a gilashin ido, katunan hannuna suka jiƙe. Abokan aikina za su ce tsoro ne ya daskarar da su, kuma mai yiwuwa ne. Ni dai na ga inda idanunsu suke. Hannunka suke kallo.

Ƙyalla ce a ƙarshen layi. Adda ta sare mata ƙafar baya, ta yi ƙara, ba ta tashi ba. Ka ja jiki cikin jini, dattijo mai shekara kusan saba'in, ka kifa a kanta. Gorar da aka ɗaga domin kanta ita ta same ka a ƙeya. Ba zan ambaci mai gorar ba, maganar tana hannun hukuma. Da suka ga jini na fita ta kunnenka, kowa ya yar da abin hannunsa ya watse.

Sau ɗaya ka farfaɗo, ranar Talata da azahar. Na durƙusa a gefen gado ina kuka, ina roƙon gafara. Ka ce, "Dakta, karatu ne ya yi maka yawa. Na yafe." Sannan ka kama hannuna ka ce, "Ban sallami Ƙyalla ba." Maganarka ta ƙarshe ke nan da na ji.

Tun ranar da abin ya faru na ɗinke mata ƙafa, na kai ta rumfar bayan gida. Ta jawo jiki ta dawo daidai inda ka kwantar da ita, ta manna haɓa a ƙasa. Na mayar da ita sau uku, sau uku tana dawowa. Ta ƙi abinci, ruwa ma sai na ɗiga mata a baki. Na ce "An gama" har muryata ta dushe, na kwaikwayi taka, na juya hannu yadda kake yi. Kallona kawai take. Ni ba kowa ba ne a wurinta, kuma tana da gaskiya. Haƙarƙarinta suka fito, ƙuda suka fara taruwa, na tabbata zan rasa abu ɗaya tak da ka bar min wasiyya a kansa.

Ranar sadakar uku, mutane na zaune a kan tabarmi, sai Inna Rahinatu ta fito bakin zaure cikin lulluɓin takaba, da kasko a hannu. Ta tsuguna. Matar da shekara talatin ba ta taɓa kare ba ta ɗora tafinta a kan goshin Ƙyalla, ta ce, "Ƙyalla, Malam ya tafi, ba zai dawo ba. Ni ce a gidan yanzu. An gama." Karyar ta ɗaga kai, ta dubi ƙofa, ta dubi Inna. Ta miƙe da ƙafa uku tana rawar jiki, ta sa baki a kaskon. Ɗantani yana cikin masu zaman makoki. Ya cire hula ya rufe fuska da ita.

Ya Allah, ga bawanKa Yahuza ya zo maKa. Ya ji ƙan abin da mutane ke jifa, Kai ma Ka ji ƙansa. Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ka ba Barakatu lafiya, Ka shiryi waɗanda fushi ya rufe wa ido, ni kuma Ka yafe min shawarar da na bayar. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Rahinatu, da 'ya'ya da jikoki, da dukan mafarautan ƙasar Wudil. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Baba, ka tafi da damuwar ba ka sallame ta ba. An sallame ta. Jiya ma ta cinye tuwonta tas, a gindin ƙafar Inna.