Mai Yi Wa Bature Ƙafa

A gindin wata tsamiya a bakin hanyar Gyaɗi-Gyaɗi akwai wani dattijo siriri, hula a karkace, tabarau ɗaure da zare. Ya jingine tsohon zanen wani Bature a jikin itacen, irin wanda ake samu a gwanjon kayan Turawa, yana kwafarsa da fensir. Kafin ya ja kowane layi sai ya lashi bakin fensirin, ya harari Baturen kamar sun taɓa faɗa. Ina jin tsohon kuku ne, ko masinjan da ya sha tsawa a ofis.

Baturen zanen a ƙirji ya tsaya. Na dattijon kuwa ga ciki, ga wando, ga dogayen ƙafafu har sun kusa fita daga takardar.

Na ce, "Baba, ai na asalin ba shi da ƙafa."

Ko ɗagowa bai yi ba. "To, da me kake so ya tafi? Kowa sai ihu yake su koma garinsu, su koma garinsu. Bawan Allah shekara da shekaru a zaune, ba wanda ya duba."

Yana gama zana takalmi, ya juya takardar ta fuskanci tashar jirgi, ya matsa gefe ya ba shi hanya.