Neman Mai Riƙon Amana a Kogin Ƙanƙara

Ni ba na amincewa da abin da ban gani ba. Atamfa ma sai na murza ta tsakanin yatsuna kafin in ce a yanko, balle wurin da ɗiyata za ta yi watanni. Shi ya sa da ta kira ni daga Lyon ta ce malamansu sun zaɓe ta cikin ɗaliban da za su hau duwatsu lokacin hutu su auna ƙanƙara, ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na ce sai na je.

Ita ce ɗiyata ta fari. A Stains, gefen Paris, na haife ta, a nan muka binne mahaifinta tana ajin ƙarshe na lise, wato sakandare, tun daga nan kowace magana ta dawo wuyana. Ta kai shekarun da doka ta ba ta ikon tafiya ba da izinina ba, ta kuma san haka. Amma ta ce, "Maman, in ba ki sa albarka ba, zan ce su ba wani wurin." Amsa kuwa suna jiranta ranar Litinin.

A gidanmu na Damagaram, in za a tura yaro nesa, akwai tsarin da ake bi. Da farko a ga hanya. Na biyu a ga masauki. Na uku a ga mutumin da za a damƙa wa amana, a kama hannun yaron a sa cikin nasa. Da wannan tsari na fito.

Hanya ba ta ba ni wahala ba. Jirgin ƙasa ya ɗauke ni daga Paris, na sauka Lyon, na hau taram, ɗan jirgin cikin gari, zuwa Villeurbanne, na kwana a ɗakinta wanda bai fi kicin ɗina girma ba. Da safe muka shiga kar, babbar motar fasinja. Gyangyaɗi ya riƙa ɗaukata yana sakina. Duk farkawa sai in ga ƙasa ta ƙara miƙewa tsaye, gonaki sun rataye a jikin tudu, shanu na kiwo a wurin da ko akuya zan ji mata tsoro. Can na ga wani farin girgije sama da sauran gizagizai, mai tsini, ba ya motsi. Na daɗe ina kallonsa ina jiran iska ta kore shi.

"Wancan hadarin bai da niyyar tafiya," na ce.

"Dutse ne, Maman. Can za mu."

Na ci gaba da kallonsa har muka isa.

Garin ƙarami ne, a matse tsakanin duwatsu kamar kwalli a cikin tandu. Titi ɗaya ne babba, kantuna dama da hagu, duk abu ɗaya suke sayarwa: takalma, igiyoyi, sanduna, riguna masu kumburi. Wani rafi ya ratsa tsakiyarsa da gudu, launinsa kamar ruwan wankin shinkafa. Mutane na yawo da igiya a naɗe a baya, sai ka ce masu zuwa rijiya sun manta guga. Tsofaffin da a wurinmu suna zaure ana kai musu kunu, a nan ga su da sanda bibbiyu suna haki suna murmushi. A sama kuma wasu sun rataye a jikin manyan ƙyallaye masu launi, suna shawagi a hankali kamar shirwa, ba ƙara, ba gaggawa. Na tsaya ina kallon wani ja har wuyana ya ƙage. Ban ga inda ya sauka ba.

Sai masauki. Na taho da kilishi da turaren wuta don matar gidan, na ƙulla su a leda tun daga Stains. Muka tsaya bakin wata ƙofar katako, na gyara mayafina, na shirya gaisuwa. Yarinyar nan ta danna lambobi a wani ɗan akwati da ke manne a bango, ya buɗe, ta zaro makulli.

"Ina mai gidan?"

"Ba ta nan. Ba a ganinta. Lambobin ake turowa a waya."

"To in ciwo ya kama ki, akwatin zai dafa miki ruwan zafi?"

"Akwai famasi a ƙasa, Maman, ana sayar da magani."

"Famasi ta san sunan ubanki?"

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Ɗakin tsaf yake, ba zan yi masa ƙarya ba, tagarsa na kallon dutsen. Amma gida ba mai gida, a lissafina masauki ya faɗi. Muka ci kilishin da burodi, na kunna turaren, ta yi sauri ta buɗe taga wai kada na'urar hayaƙi ta tara mana jama'a.

Saura na uku. Ta ce akwai jagora, mace, wadda ke kai ɗalibai kan ƙanƙara kowace shekara, ita za ta riƙe su tsawon hutun. Ta roƙe ta ta ɗauke mu gobe ta hanya mai sauƙi, har wata kwana inda ake hango bukkar da za su riƙa kwana in sun hau, da sandunan awon da aka kafa. "In kin ga wurin za ki yarda," in ji ta. "Ba wanda ya taɓa ganinsa ya ƙi."

Da sassafe muka sami matar a tashar ƙaramin jirgin da ke hawa dutse. Sa'ata ce ko ta ɗan girme ni. Furfura a aske kamar ta namiji, fuska kamar fatar da aka jeme. Na gaishe ta da Faransancina na kasuwa, na tambayi gida da iyali da gajiya. Ta ce lafiya, idonta na kan ƙafata. Ta durƙusa ta matsa takalman da aka aro mini, ta kwance igiyarsu ta sake ɗaurewa. Wadda ta kalli takalmi kafin fuska, na ce a raina, ba ta sami tarbiyya ba.

Jirgin ya riƙa hawa cikin itatuwa masu duhu, kunnena ya toshe, maganar mutane ta koma kamar daga ɗakin maƙwabta. Da muka sauka muka gangara zuwa bakin ƙanƙarar, sai matar ta shimfiɗa kaya a kan dutse, ta ba kowa nasa bi da bi. Da farko ɗamara mai zagaye ƙugu da cinyoyi, wadda na sa a kan wandon da ke ƙarƙashin doguwar rigata, rigar ta tattare kamar ta mai shirin daka. Sai ƙarafa masu haƙora a ƙarƙashin takalmi. Sai hula mai tauri a kan kallabina. Daga ƙarshe igiya. Ta ɗaura mini, ta ja ƙullin. Ta duba na ɗiyata, ta ja. Sannan ta tsaya ta buɗe hannuwa, yarinyar nan ta matso ta duba nata ƙullin, ta ja, ta ɗaga kai alamar ya yi. Tsohuwa ta tsaya yarinya na duba mata ɗauri. Na lura da wannan.

Ganin farko ƙanƙarar ta ba ni kunya. Ƙasa-ƙasa ce, tsakuwa ta rufe ta, kamar inda aka zubar da kayan gini. A gefe guda an lulluɓe wani sashe da manyan fararen tamfol don kada rana ta cinye shi. Nan na tuna azumin Damagaram, ina budurwa, ina sayar da ƙanƙarar firigon yayata. A buhu muke naɗe ta, mu yi gudu da ita kafin magariba, tana ɗiga a ƙafafunmu. Ashe har a nan buhu ake rufa mata. Ɗiyata ta nuna mini can sama a jikin dutse, inda launi ya bambanta, ta ce da can nan ƙanƙarar take kaiwa, kowace shekara tana ja da baya, abin da suke aunawa ke nan.

Muka jeru: matar a gaba, ni a tsakiya, ɗiyata a baya. Da muka yi nisa tsakuwar ta ƙare, fari ya buɗe. Kogi ne sosai, da faɗinsa da kwanarsa da igiyar ruwansa, sai dai ya tsaya cak, kamar an kira sunansa ya waiwayo bai ƙara motsi ba. Haske na tasowa daga ƙasa, ba inuwa a ko'ina. Ba tsuntsu, ba ƙuda, ba warin komai. Ƙarafan ƙafata na cewa ƙaras, ƙaras, a ƙarƙashinsu kuma, can ciki, ruwa na gudu yana gunaguni kamar mata na hira a bayan katanga. Muka wuce wata tsaga, matar ta bar ni na leƙa. Bakinta fari ne, cikinta shuɗi kamar ruwan bula, can ƙasa shuɗin ya yi duhu har ya koma launin baba. Ban ga ƙarshenta ba. Na ji kamar in na daɗe ina kallo zan manta abin da ya kawo ni.

Duk lokacin da ƙafata ta yi gardama, sai in ji igiya ta ɗan ɗaure a ƙuguna daga baya, kafin ma in san zan zame. Tun da na sauke yarinyar nan daga goyo ba a ƙara ɗaure mu da abu ɗaya ba. Ban waiwaya ba. Na ci gaba da tafiya ina jin ta a bayana, tana sakin igiya tana ja, kamar numfashi.

Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Kwanar da ake magana ta matso har ina ganin baƙin dutsen da za mu zagaya. Sai matar ta tsaya. Wata iska mai ɗumi ta shafi fuskata. Can nesa wasu duwatsu suka gangaro da ƙara kamar ana juye tsakuwa daga mota. Ta kalli wani ɗan girgije da ya leƙo ta bayan tsauni, wanda ni da tafin hannu zan rufe shi. Ta ce mu koma.

Ɗiyata ta fara magana da sauri cikin Faransanci. Na tsinci abin da na tsinta: saura kaɗan, mahaifiyata daga Paris ta zo, gobe za ta tafi, ba ta ga komai ba. 

Matar ta saurare ta har ta gama. Ta ce, "Non."

Na san ɗiyata. Tun tana ƙarama ba a taɓa ce mata a'a ba ta kawo dalili uku ba, in an rushe su ta kawo na huɗu. Na tsaya ina jiran na biyu. Sai na ga ta juya, ta gyara igiya a hannunta. Muka koma ta sawunmu.

Hadarin bai zo ba. Muka cire ƙarafa rana na haskawa, muka hau jirgi rana na haskawa, muka sauka gari mutanen nan masu ƙyallaye na nan suna shawaginsu. Muka zauna a wani tebur kusa da tasha, matar ta sa aka kawo shayi. Ɗiyata ta kalli sama, ta ce da ita, "Ko ɗigo."

"Yau bai zo ba," in ji matar. Ba ta ba da haƙuri ba, ta ci gaba da juya cokali.

Na ce da ɗiyata ta tambayar mini ita, ko ta saba juyowa haka a banza. Ta tambaya tana ɓata rai. Matar ta ce sau da yawa. Ta ce wasu sun yi fushi sun daina ɗaukarta, ɗaliban ma suna yi mata wani suna a bayan idonta, ta sani.

Yarinyar nan ta koma Hausa, a hankali, idonta a kan kofi. "Shi ke nan, Maman. Ba ki ga bukkar ba, ba ki ga komai ba. Zan rubuta musu su ba wani."

"Ke, miƙo hannunki."

Ta ɗago. Na kama wuyan hannunta, yana da sanyi har yanzu, na jawo shi ta saman tebur na sa cikin tafin matar. Tafin kaushi ne da shi kamar na mai surfe. Na ce da ɗiyata, "Fassara, kada ki rage komai." Na ce wannan marainiya ce, ubanta ya rasu, ni kaɗai gare ta. Na ce tana da taurin kai, ba ta cin abincin safe in ba a tsaya a kanta ba, in ta gaji ba ta faɗi. Na ce na ba ta amanarta, Allah na gani. Yarinyar nan ta fassara duka, har da taurin kan, tana kallon gefe.

Matar ba ta saki hannun ba. Ta yi magana tana kallon fuskata, karo na farko tun safe. Ɗiyata ta ce, "Ta ce ba za ta yi miki alkawarin ba abin da zai same ni ba, don ba wanda zai iya wannan a can sama. Ta ce abin da za ta iya shi ne ta juyo da ni duk ranar da hankalinta bai kwanta ba, ko ina kuka."

"Gaya mata ya isa."

Sai da na ɗaga kai matar ta buɗe tafinta. Na ce da ɗiyata, "Allah ya kai ki lafiya, ya dawo da ke lafiya, ya yi miki albarka." Ta ce amin da wata ƙaramar murya da na daɗe ban ji ba, ta tashi wai za ta nemo sukari, alhali ga shi a gabanta.

Washegari a cikin kar ɗiyata ta yi barci tun kafin mu fita gari, bakinta a buɗe, wayar da ta aika musu amsa na hannunta. Ni ban runtsa ba. Na riƙa bin farin tsinin nan da ido, yana ɓuya bayan tudu yana fitowa, har muka shiga wani dogon rami a cikin dutse. Da muka fito sai gonaki.