Doki Uku A Ɗakin Inna

A wancan lokaci, in dai maganar na'ura ce, a ganina kaf Tasawa ba ni da na biyu. Ina aikin buro, wato ofis, ga tumbi ga ɗan rufin asiri, kuma na taɓa gyara rediyo da cokali. Shekarar da sojoji suka karɓi mulki ce, damina ta yi gardama, gero bai yi ba, sai na je Korgom na ɗauko mahaifiyata don jikinta ya yi rauni. Bazara ta shigo da zafin da ko ƙadangare sai ya nemi inuwa, likita ya ce a kiyaye ta da zafi saboda hawan jini. Na ce kilima zan sa mata, na'urar sanyaya ɗaki.

Na tafi Maradi. Mai kanti ya ce da doki ake auna ƙarfin kilima, ya tambaye ni faɗin ɗakin, ko rufin kwano ne, ko rana tana dukan bango da yamma. Na ce masa ba fili na zo saya ba. Ya ce ƙaramin ɗaki doki ɗaya ya ishe shi. Kalmar ce ta ɓata mini rai. Uwar da ta haife ni, doki ɗaya? Me zan faɗa a majalisa? Na ce ya ba ni mai uku, da akwai mai raƙumi ma shi zan ɗauka.

Ɗakin Inna kuwa taku huɗu ne. In an kunna, kafin ka gama alwala ya zama firjin mai kifi, iskar kuma a kan gadonta take sauka. Can sai kontar wutar gidan ta kasa ɗauka, kuran na lantarki ya yanke, ɗakin da na sa aka toshe tagoginsa ya koma tanda. Ni ne ɗan fari, ko sunana Inna ba ta faɗa, balle ta kushe mini kyauta. In na leƙa sai ta ja bargo ta sa mini albarka, ni kuma in fita ina baza riga. Tari ya sauka mata a ƙirji, sai da ta yi kwanaki a asibiti. Allah ya ba ta sauƙi, amma ta bakin ƙanwata na ji cewa tana roƙo a mayar da ita rumfarta ta ƙauye. Ta koma, ba ta sake kwana a gidana ba.

Na daɗe kafin na yarda cewa don ƴan majalisa na sayi kilimar nan, ba don Inna ba. Jama'a, ku auna ɗaki, ku dubi rufi da ƙarfin kontarku, ku saurari mai sana'a. Wanda zai kwana a ciki kuma, in mai kunyarku ne, ku aika wanda zai iya gaya wa gaskiya.

Ranar da mai gyara ya zo cire kilimar, na fara kare kaina, wai rashin awo ne kawai. Ya ɗago daga kan tsani ya ce, "A'a Alhaji, ai ka yi awo. Kanka ka auna."