Waken Kurmi da Zaƙamin Gayya

Ko hankalina ya gushe don tsufa, ranar da na ɗura wa mijina guba da hannuna ba za ta fita raina ba. Lokacin Nasara ba su iso ƙasarmu ba, muna zaune a wani ƙauye kusa da tafkin Madarumfa, ina goyon ɗiyata ta fari.

Damina ce, aka kira gayyar noman gero. Mai gidana kuwa akwai son a ce shi ne gwarzo, in makaɗa suka kama kirarinsa sai ya manta yana da iyali. Rana ta take tsaka sai ga shi an kinkimo shi, yana fizge-fizge yana cafkar abin da babu a iska. Ni kaina bai gane ni ba. Jikinsa zafi rau, amma ko ɗigon zufa babu, mutumin da tun safe yake noma fa! Bakinsa ya bushe ƙamas, baƙin idonsa ya buɗe ya cinye ƙwayar duka.

Surukata ta ce, “Mutanen tafki ne suka taɓa shi. A kawo garwashi da turare, a lulluɓe shi da bargo.”

Aka shiga hura wuta. Ni kuma na ɗauki goran furarsa in zuba masa ruwa, sai na ga ’ya’yan zaƙami dakakku sun kwanta a gindi. Ashe abin da ya sha ke nan don kada ya ji gajiya. Abokansa sun sani sarai, kunya ta rufe musu baki. Wallahi har yau in na tuna su sai raina ya ɓaci.

Na sheƙa gidan gwaggona. Ta daɗe a kurmi tare da mijinta bafataken goro kafin ta dawo gida. Ta ji bayani, ta ce, “In suka turara shi ya tafi, ɗiyata. Jikin da ba ya zufa ba a ƙara masa wuta.” Ta kwance wani ƙulli, ta fiddo wake guda, baƙi-baƙi, ya ɗara babban yatsa.

Ta ce, “A can da wannan ake shayar da wanda ake zargi da maita, da yawa ba su tashi. Aikinsa kishiyar na zaƙami ne. Yana tsinko da yawu da zufa, ya tsuke ido, ya sassauta bugun zuciya, ya saki mara. In ya yi yawa kuma ya tsayar da numfashi. Na taɓa ganin an ceci mutum da shi, amma ban yi miki alkawari ba.”

Muka iso an riga an ja masa bargo. Na fizge shi na yar. Surukata ta ce, “Ke! Ɗan naki ne ko nawa?”

Na ce, “Inna, naki ne. Amma ni za a bari da marainiya.”

Gwaggo ta kankari waken da wuƙa, ɗan abin da bai rufe farce ba, ta jiƙa a ludayi ta miƙo mini. Ta ce hannun matarsa ya kamata ya ba shi. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don in ya mutu sunana ya zama wadda ta kashe miji. Na yi bisimilla na ɗura masa.

Can sai na ga goshinsa ya fara naso. Yawu ya dalalo ta gefen baki, baƙin idon ya dinga tsukewa, sai kuma fitsari ya ɓalle masa shaa a kan tabarma, gaban uwarsa da abokansa. Ban taɓa murnar ganin ƙazanta irin ta ranar ba. Ya dube ni ya ce, “Wa ya jiƙa ni haka?”

Na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo. Surukata ta kashe garwashin da kanta, ta zo ta dafa kaina tana hawaye. Da la’asar hauka ta so dawowa, gwaggo ta ƙara masa ƙasa da na farko, ya yi amai, ya kwanta. Ya rayu har ya aurar da jikokinsa.

Abin da na koya shi ne, kafin a ce iska ce ta kama mutum, a dubi idonsa da bakinsa, a bincika abin da ya shiga cikinsa. Kuma wanda ya san gaskiyar ciwo ya yi shiru don kunya, da hannunsa a cikin kisan.